Hisabin Mako a Kwanakin Hunturu

(Jawabin da aka yi wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a zamansu na hutun ƙarshen shekara)



An nemi mu yi magana a kan abin da ya kamata ɗan makaranta da ƙaramin ma'aikaci su yi da kwanakin hunturu. Amsarmu gajeriya ce, bayaninta ne yake da ɗan tsawo. Muna roƙon kowane ɗayanmu ya sayi littafin rubutu guda, ko irin na 'yan firamare ma ya isa, ya keɓe sa'a ɗaya a kowane mako, ya zauna ya rubuta abin da makon nan ya ƙunsa, watau abin da ya karanta, da aikin da ya yi, da halin da gidansu yake ciki, da yadda sama ta kasance, da abin da masu mulki suka faɗa ko suka aikata. Wannan shi muke kira hisabin mako. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, ashe don wannan ɗan abu aka tara mu? To, a yi mana haƙuri a saurara, gama Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

DALILIN WANNAN ROƘO

Ƙasar nan tamu, tun daga Bebeji har duwatsun Riruwai, ba ta rasa masu rubuta labarinta ba, sai dai galibinsu baƙi ne. A shekarar 1826 Baturen nan na Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya biyo ta Bebeji a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya rubuta abin da ya gani na garin da fataucinsa, kuma har yau mai neman sanin yadda Bebeji take a farkon zamanin Daular Sakkwato sai ya koma ga wannan rubutu. A farkon Fabrairu 1903, sa'ad da Kanar Morland ya taso da rundunarsa daga Zariya zai ci Kano, Bebeji ce garin farko da ya rufe ƙofa ya tsaya, aka fasa ƙofar da igwa, sarkin garin da mutanensa da dama suka kwanta a wurin, sa'an nan ran 3 ga watan aka shiga birnin Kano. Labarin wannan rana da aka fi karantawa a makarantu, daga rahoton waɗanda suka harba igwar aka samo shi.

Haka abin ya ci gaba har zamanin da iyayenmu suka gani da idonsu. Gwamna Audu Bako ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka tara ruwan da ya kusa kubik mita miliyan 2,000. Injiniyoyi sun rubuta tsawon madatsar da zurfin tafkin daki-daki. Amma wa ya rubuta ranar da kowace ruga da kowane ƙauye suka kwashe kayansu, da gonakin da ruwa ya ci, da kukoki da tsamiyoyin da ake kwatance da su, da makabartun da suke ƙarƙashin tafkin yanzu? A Riruwai kamfanoni sun riƙe lissafin nauyin kuzar da aka haƙo, ba su riƙe lissafin leburorin da suka watse ba bayan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna ta raguwa kowace shekara, kuma sau da yawa a cikin sanyi irin wannan muke rasa su.

Saboda haka wanda ba ya rubuta abin da ya same shi, tilas ya karɓi abin da wani ya rubuta a kansa. Mu kuwa da jama'ar garuruwan nan suka ɗauki nauyin karatunmu, ba mu da hanzari.

HUNTURU

Bari mu fara da sama, tun da ita ce ta ba mu lokacin. Iskar nan da take busowa daga arewa maso gabas tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, hazon da take ɗauke da shi yawancinsa daga Kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin ƙasar Cadi. Wurin nan dā can ƙasan wani babban tafki ne wanda Tafkin Cadi na yau ragowarsa ne kawai, da ya ƙafe sai ya bar laka mai laushi kamar gari. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta yi ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi, ta zubo mana wani a kan rufin ɗakunanmu, ta wuce da wani har ƙetaren teku zuwa dazuzzukan Amurka ta Kudu. Da yake iskar busasshiya ce, babu gajimare kuma babu danshin da zai riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, shi ya sa da dare zafin yakan tsere, ma'auni ya sauko ƙasa da digiri 15, wani lokaci ya kusa 10, leɓe ya tsage, faso ya buɗe.

Wannan sanyi da muke kuka da shi, da shi alkama take rayuwa. Manomin alkama ya san in ya shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba, za ta yi 'ya'ya cikin sanyi ta cika. In ya makara kuwa, zafin Maris zai riske ta tana cikin ɗaukar ido, ta motse. Ke nan ranar da sanyi ya sauka da ranar da ya ɗauke magana ce ta abinci. Dattawanmu a Yaryasa da Burumburum da Dariya suna cewa sanyin yanzu ba ya kai na dā, kuma yana makara. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne, amma in malamin gona ko mai bincike ya tambaye mu hujja, me za mu nuna masa? Layi biyu a kowane mako sun isa: yaushe hazo ya fara, kwana nawa ya yi, yaushe rafin bayan gari ya yanke, gaba nawa guga yake shiga kafin ya taɓa ruwa. Ƙasarmu ita ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Jihar Kano, daga tuddanmu Kogin Kano yake gangarowa ya ratsa dajin Falgore ya cika Tiga. In wani abu ya sauya a nan, mutanen Kura da Bunkure da Haɗeja za su ji a gonakinsu. Ya kamata mu ne farkon masu lura.

KARATU

Hunturu shi ne lokacin karatu a ƙasar Hausa tun fil azal. An gama girbi, an cika rumbu, dare ya yi tsawo, almajirai sun kewaye wuta da allunansu, malamai sun buɗe littattafai a zaure. Da boko ya zo ma bai rushe wannan ba. Littattafan da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a Janairu 1939, mutum ɗaya ne yakan karanta su da ƙarfi, goma suna saurare. Haka aka yi zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, haka kuma aka yi bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a 1980. Ko littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980, waɗanda wasu suke rainawa, sun koya wa dubban mata riƙe littafi daga bangon farko zuwa na ƙarshe.

Yau fa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikinmu abin da muke kira karatu shi ne haddace 'yan takardun da malami ya raba, mu amayar da su ranar jarrabawa, mu fito mu manta. Sauran lokacin kuwa waya ta cinye shi. Mutum zai yi sa'a uku yana jan yatsa a kan gilashi, ya ga abu ɗari, in aka tambaye shi da safe ba zai kawo biyar ba. Ga wani ɗan lissafi. Hunturu bai kasa mako 12 ba. Wanda ya karanta shafi 10 kowace rana ya karanta 70 a mako, ya karanta 840 kafin zafi ya shigo, watau littattafai huɗu ko biyar matsakaita. A shekara huɗu na jami'a ya tara kusan ashirin waɗanda babu malamin da ya tilasta masa su, kuma irin waɗannan su ne suke zama a kai.

Abin da za a rubuta a littafin hisabi ba shi da yawa: me marubucin ya ce, da wace hujja ya ce, mun yarda ko ba mu yarda ba, kuma don me. Wanda ya saba yi wa littafi waɗannan tambayoyi, ba da daɗewa ba zai fara yi wa jawabin ɗan siyasa su, ya yi wa takardar ofis su, har ya yi wa saƙon da aka turo masa ta waya su kafin ya tura wa wani.

Sa'an nan kada mu manta da cewa a gidajenmu akwai masu karatu tun kafin mu. Dattijon da yake rubuta wasiƙa da ajami ba jahili ba ne don bai san baƙaƙen boko ba. A cikin gafakarsa da tsohuwar adakarsa akwai wasiƙun fatake, da takardun gado, da lissafin bashi, gara tana ci a hankali. Wayar nan da take cinye mana lokaci tana iya ɗaukar hoton shafi ɗari a yini guda. A nemi izinin mai abu, a ɗauka, a rubuta sunan gidan da ranar da aka ɗauka.

AIKI

Dā in an gama kaka, samarin ƙasar nan cin rani suke tafiya, wasu Kano, wasu Jos wajen kuza, wasu su hau jirgin ƙasa a Dangora su yi kudu. An gina Tiga ne domin a rage wannan, manomi ya sami aiki a gonarsa damina da rani. An kuwa sami abin da aka samu: Kadawa da Kura sun zama gidan shinkafa da tumatir da alkama. Amma ruwa gangara yake bi, saboda haka galibin filayen da aka shimfiɗa wa magudanai suna ƙasa da madatsar, mu kuwa da muke kanta da gefenta, rabonmu ya fi yawa a kamun kifi da 'yan fadamun da mutum zai shayar da injinsa, da man da ya saya da kuɗinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, duk mai noman rani ya san abin da wannan yake nufi. Can ƙasa kuma mutanen Haɗeja da Nguru suna kukan ambaliyar da take ciyar da fadamunsu ta ragu, kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Kowane babban aiki yana da wanda ya ci da wanda ya biya, kuma sai da lissafi ake gane su.

Ga wani lissafin da ya fi wannan kusa da tukunya. Manomin Doguwa da na Tudun Wadan Ɗankadai suna noma masara da yawa, amma da kaka suke sayarwa, lokacin da kowa yake sayarwa, domin bashin taki yana jira, ga biki, ga kuɗin makaranta. Mai kuɗi ya saya ya ajiye, da bazara ya fito da ita, wani lokaci wanda ya noma ta shi zai dawo ya auna da tsada. Kowa ya san wannan, amma nawa ne bambancin? In ɗalibi ɗaya a Kwanar Dangora, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Doguwa za su riƙa rubuta kuɗin tiyar masara da na dawa da na buhun taki kowace ranar kasuwa, bayan shekara uku suna riƙe da abin da za a kafa ƙungiyar gama-kai a kansa, a je banki da shi a nemi rancen ajiya, a yi magana da lamba maimakon kuka.

Kada kuma wani ya ce lissafi ba gādonmu ba ne. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Ya tashi maraya, ya yi fataucin goro har bakin teku, ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Fataucin da ya haɗa Kano da Kumasi da Ikko, da wakilai a garuruwa da yawa, ba ya tsayuwa a kan ƙwaƙwalwa kaɗai. Mun gāji sunan, sai mu gāji halin.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwa ƙananan ma'aikata, kuma mu ma da muke makaranta gobe muna cikinku. Malamin makaranta ko na asibiti ko na gona, in aka tura shi Zainabi ko Yako ko Gwarmai, abu na farko da yakan yi shi ne neman wanda zai mayar da shi birni. In bai samu ba, sai ya zama baƙon ƙarshen wata. Muna sane da uzurinsa: albashi bai kai ba, babu gida, hanya ba kyau, na sama da shi ma ba ya zuwa. Duk da haka, yaron da ya zo aji cikin sanyin safiya da riga ɗaya ya tarar babu malami, ba ya cin uzuri. Littafin hisabi zai tambaye ka ranar Juma'a: kwana nawa ka je, mutum nawa suka zo da bukata, nawa ka sallama, takardar wa ta kwana a teburinka ba dalili, me aka miƙo maka ka karɓa ko ka mayar. Rajistar ofis ana iya sa wa aboki hannu a cikinta. Wannan kuwa babu wanda zai gani sai kai, saboda haka babu amfanin yi masa ƙarya. Kuma shi ne zai tsaya maka ranar da aka zarge ka da abin da ba ka yi ba, ko ranar da za ka rubuta wa na gaba cewa magani ya ƙare tun ran kaza, an rubuto sau kaza, ba a kawo ba.

GIDA

Sanyi ba ya raba kansa daidai. Mai bargo da mai buhu ba daren ɗaya suke kwana ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne tsoho, da jinjiri, da almajirin da yake kwana a zaure, da macen da take tashi tun asuba ta sa hannu cikin ruwan randa. A wannan lokaci ne tari da ciwon haƙarƙari suke kama yara, gobara take tashi daga kaskon da aka bari kusa da katifa, kuma gawayin da aka rufe ɗaki da shi yake fitar da wata iska marar wari marar launi wadda takan kashe mutum yana barci. Wanda ya yi ajin kimiyya ya san wannan. Shin ya taɓa zama ya gaya wa kakarsa da Hausar da za ta gane, cewa a bar gawayi ya gama ruruwa a waje, a kuma bar 'yar kafar da iska za ta shiga? Ƙurar nan kuma tana busar da hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa sanƙarau ƙofa, shi ya sa yake tashi daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar zafi. Iyayenmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe dubban mutane a Arewa. Akwai allurar rigakafinsa, amma sai an kai yaro.

Gawayin nan ma daga wani wuri yake fitowa. Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, gwamnatin Audu Bako kuma ta mai da shi gandun namun daji, shi ne yake riƙe ƙasar da Kogin Kano yake ratsawa. Kowane buhun da aka jera a bakin titin Jos itace ne da aka sare, kuma ƙasar da ta rasa saiwa tafki take gangarawa ta cike shi. Mai saran ba don mugunta yake yi ba, yunwa ce. Amma a rubuta: buhu nawa ne bana, nawa ne bara, kuma tafiyar sa'a nawa mace take yi yanzu kafin ta haɗa dammin itace.

Bayan kaka kuma lokacin aure ne. A nan ake sanin ƙanwar wa za ta koma makaranta a watan Janairu, ta wa kuma ba za ta koma ba. Ba mu ce ɗalibi ya je ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba ta biyan bukata. Amma wanda ya zauna da ladabi ya ce, "Baba, ga abin da ya rage mata, ga abin da zai ci, ga abin da zan iya ɗauka daga ɗan abin da nake samu," ya fi kusa da a saurare shi.

Akwai wani abu kuma da mata suka fi mu iko da shi. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, Baba mutuniyar Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, nan maƙwabtanmu ta yamma. Ta rubuta abin da tsohuwar ta faɗa na aure da goyo da ƙawance da harin bayi da zuwan Turawa, aka buga shi da Turanci a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Babu gidan da ba shi da irin Baba a cikin garuruwan nan. 'Yan'uwa mata, ku ne kuke shiga ɗakin da namiji ba ya shiga. Shafi ɗaya a mako daga bakin Inna ko Goggo ya isa. Sai dai a kiyaye, littafin hisabi ba wurin tona asirin gida ba ne. Abin da mai shi ya ce a rufe, a rufe.

SIYASA

Wanda ya duba tarihin ƙasar nan zai ga manyan al'amura da yawa cikin hazo suka faru. Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna aka kawo ƙarshen Jamhuriya ta Farko. Ran 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnatin Shehu Shagari. Zaɓen shugaban ƙasa na 1999 da na 2019 da na 2023 duk a Fabrairu aka yi su, watau yawon neman ƙuri'a cikin hunturu yake faɗawa, lokacin da samari ba su da aikin gona, kuɗin kaka kuma ya fara ƙarewa. Motoci su shigo gari su ta da ƙura a kan ƙura, a yi alkawarin hanya da rijiya da asibiti, a raba atamfa da taliya, a wuce. Bayan shekara huɗu a dawo da alkawarin nan dai, gama an tabbata babu wanda ya rubuta na farko.

Mun kuma ga abin da ya fi alkawarin banza muni. A zaɓen Fabrairu 2023 an yi tashin hankali a Tudun Wada, aka ƙone ofishin jam'iyya, aka rasa rayuka. Waɗanda suka mutu 'ya'yan talakawa ne, waɗanda aka ba makami ma 'ya'yan talakawa ne, sa'o'inmu, wasu tare muka yi firamare. A makonnin nan dai aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin Naira, manomi yana da hatsi a rumbu amma ba shi da abin sayen magani. In ba a rubuta waɗannan ba, nan da shekara goma za a ce mana ba haka aka yi ba.

Dubi kuma yadda ake juya mu. A 2019 aka raba masarautar Kano, ƙananan hukumomin nan huɗu suka koma ƙarƙashin Rano. A 2024 aka soke dokar, suka dawo ƙarƙashin Kano. An daɗe ana neman Jihar Tiga. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kowane ɗayanmu yana da ra'ayinsa a kan waɗannan, kuma wannan zama ba na jam'iyya ba ne. Abin da muke cewa shi ne, kowace irin iyaka aka shata, tambayar mutumin Kofa da na Rahama da na Nata'ala ba ta sauya ba: nawa aka turo da sunanmu, me aka yi da shi? Tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga hukumomin gwamnatin tarayya, kuma ana buga kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata. Mutum nawa a cikinmu suka taɓa dubawa?

Mutanen Kano ba baƙin wannan aiki ba ne. Waɗanda suka kafa NEPU a 1950 galibinsu samari ne, akawuna da 'yan kasuwa da masu sana'a, kuma babban makaminsu takardar koke ce mai ɗauke da suna da rana da abin da aka yi wa talaka. Da wannan naci, wanda Malam Aminu Kano ya jagoranta shekara da shekaru, aka kai ga soke haraji da jangali a 1979. Dattawa suna tuna wannan har yau domin alkawari ne bayyananne, an faɗa, an cika, kowa ya gani a aljihunsa. Saboda haka in ɗan takara ya zo garinku, ko na jam'iyyar da kuke so ne, ku rubuta: ran kaza, a wuri kaza, wane ya ce zai yi kaza kafin lokaci kaza. In ya cika, ku rubuta ya cika, gama adalci ya hau kanmu kamar yadda ya hau kansa.

KAMMALAWA

Wani zai ce ai duk wannan muna yi a Facebook. Akwai bambanci. Abin da aka rubuta don a gani, yabo yake nema, kuma mai neman yabo yakan ƙara gishiri. Bayan kwana biyu kuma ya nutse ƙarƙashin wasu dubu. Wani zai ce ba shi da lokaci; sa'a ɗaya ce cikin 168. Wani kuma zai ce yana tsoro. To, a rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji daga bakin mai shi, a bar jita-jita da zagi, a sa rana a kan kowane shafi. Mai wannan ba shi da abin tsoro da yawa.

Muna ba da shawara ga shugabannin wannan zama su sa rana bayan mako 12, lokacin da hazo ya ɗauke aka fara yankan alkama, mu sake taruwa kowa da littafinsa. Abin da yake na mutum ya riƙe abinsa. Abin da ya shafi jama'a kuwa, watau kuɗin hatsi da kwanakin sanyi da zurfin rijiyoyi da alkawuran da aka yi da labaran tsofaffi, a haɗa shi a buga a wannan mujalla, a ajiye kwafi a kowace makarantar sakandare ta ƙananan hukumomin nan huɗu, domin ƙannenmu su tarar da abin da za su ɗora a kai.

Allah ya ba mu lafiyar wannan sanyi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sa ilmin da muke nema ya amfani waɗanda suka turo mu nemansa.